Tela Sai-Na-Gani da Gidan Sauron Matarsa

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani tela da ba ya ɗinka riga ko wando. Gidan sauro kaɗai yake ɗinkawa, sai labule in an matsa masa. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, kowa Sai-Na-Gani yake ce masa, shi ma har ya saba amsawa. Kuma da guminsa ya samo sunan. In ka ce masa an yi ruwa a bayan gari, takalminka zai duba ya ga ko da taɓo. In mai nama ya auna masa, sai ya sa an sauke naman ya leƙa ƙarƙashin sikeli. Ranar da aka zo masa da albishir cewa matarsa ta sauka lafiya an samu 'ya mace, bai ko ɗaga ƙafa daga kan keke ba ya ce, "To, sai na gani." Tun daga ranar sunan ya manne masa.

Masu saninsa tun yana saurayi sun ce ba haka aka haife shi ba. Farkon buɗe shagonsa wani abokinsa na ƙut da ƙut ya sayar masa da dilar yadi, da ya kwance ya tarar samanta yadi ne, cikinta tsummoki. Bai gama farfaɗowa ba ɓarayi suka cire masa kan keken ɗinki suka bar masa ƙafafun. Daga nan ya ɗauke shimfiɗarsa ya mayar shago, wanda yake manne da ƙofar gidansa, ginin siminti mai fanka da kwaɗo biyu. A nan yake kwana kusa da kekensa har furfura ta cim masa. Mutum ɗaya ce a duniya bai taɓa zargi ba, ita ce matarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo. Shi kuwa Tsohuwa yake ce mata tun ba ta tsufa ba, har tsufan ya zo ya same ta da sunan.

A sana'a dai ba a raina shi. Yana da wata dabara da yake alfahari da ita. Mutane na kukan cewa gidan sauro na hana iska, shi kuwa ya gano cewa ba sai idon raga ya yi ƙanƙanta sosai ba, ya isa a ce sauro ba zai iya ratsawa ba. Saboda haka duk ragar da zai saya sai ya gwada ta. Yakan kama sauro da rai ya jefa a wata kwalba mai faɗin baki, ya rufe bakin da ƙyallen ragar, ya ɗaure da zare, ya ajiye a kan teburi. In gari ya waye sauron na ciki, raga ta ci jarrabawa. Da haka ya riƙa neman raga mafi faɗin ido wadda har yanzu sauro ba ya wucewa. Kwalbar tana nan a shago kullum, kuma duk wanda ya zo ciniki sai an nuna masa. "Ga shaida," in ji shi. "Ni ba na sayar da labari."

Da aka zo rabon gidan sauro mai magani kyauta, shi ya fi kowa tsuke fuska. Ya karɓi na gidansa ya shinshina ledar, ya ɗaga ta ga rana, ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa ya san abin da suka shafa masa? Ku dubi idonsa ma, ko numfashi ba zai wuce ba." Bai ko farke ledar ba, ya cusa ta ƙarƙashin teburin yanka, ta zauna can tana shan ƙura.

Gwaggo mace ce mai jin zafi. Ko lokacin da kowa ke neman bargo ita mafici take nema. Shi ya sa ta ƙi ɗakin siminti ta zaɓi tsohon ɗakin ƙasa na ƙuryar gida, wanda bangonsa ya jingina da garken awakinta, don ta ce ya fi sanyi. Wata shekara Tela ya samo ragar da ta fi kowace faɗin ido a duk wadda ya taɓa gwadawa. Sau da yawa ya sa ta a bakin kwalba, sauro bai fita ba. Bai sayar da ko taƙi ba sai da ya fara yanka wa Tsohuwa nata gidan sauron. Ya yi masa baki da shuɗin yadi, ya ninka ɗinkin kusurwa, ya sa masa igiyoyi masu kyau, ya je da kansa ya ɗaura mata. Tela ba mutum ne mai daɗin baki ba, bai iya cewa ina son ki ba ko da za a yanka shi. Wannan gidan sauron shi ne maganar tasa, kuma Gwaggo ta ji ta.

Zazzaɓin ya fara mata kamar kowane zazzaɓi. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a wurin mai kemis, ta shanye, jiki ya ɗan yi sanyi, ya dawo. Aka sake saye, ya sake dawowa. Mako ya bi mako har aka shiga wata na biyu. Gwaggo ta daina cin abinci, awarwaronta suka fara zamewa har gwiwar hannu, amma cikinta sai tasowa yake ta ɓangaren hagu, da tauri. Tafin hannunta ya yi fari fat, fuskarta kuwa ta ƙara duhu. Wata safiya tana sunkuye tana ba awaki ruwa haɓo ya ɓalle mata.

Tela ya tsorata, kuma shi tsoronsa zargi yake komawa. Mai kemis ya fara kamawa. Ya je da kwalin maganin ya ajiye masa a kan kanta.

"Wannan alli ka sayar mini ko magani?"

"Haba Baba, ka duba hatimin mana."

"Hatimi ai mutum ke buga shi."

Ya tauna ƙwaya ɗaya a gaban mutane, ɗaci ya murɗe masa baki, ya fita yana tofar da yawu, bai ce a yi haƙuri ba. Daga nan ya koma kan mai kawo musu ruwa, ya bi shi a baya har inda yake ɗiba. Sai kuma matar mai faci, maƙwabciyarsu, wadda ke aiko wa Gwaggo abinci tun da ta kwanta. Ya riƙa karɓar kwanon a ƙofa yana fara zuba wa kaza ya tsaya yana kallonta. Kazar ta yi ƙiba. Matar mai faci ta ji labari ta yi kuka, ta daina aikowa. Cewarsa sauro dai ba shi ba ne, don sauron da zai shiga gidan da ya ɗinka ba a haife shi ba. Tunda kuwa ba sauro ba ne, to da hannun mutum a ciki, ai da ɗan gari akan ci gari.

'Yarsu Auta, wadda ke aure a wani gari, ita ta raba gardama. Ta zo ta ga uwarta, ta ajiye jaka, ba ta ko zauna ba ta fita neman mota.

"Baba, ka gama binciken duniya, saura ka kai ta inda za a bincika ta."

"Asibiti? Su da in ka je da ciwon kai su ce a yanke ƙafa?"

"To a yanke. Ni dai ba zan zauna ina kallon Inna tana ƙarewa ba."

A babban asibiti likita ya kwantar da Gwaggo ya danna ƙasan haƙarƙarinta na hagu, ya tambayi tun yaushe zazzaɓin, da irin maganin da ta sha. Aka soki yatsarta aka ɗiga jini a wani ɗan tsinken gwaji. Tela ya tsaya a kansa kamar mai gadin tukunya. Da layi biyu suka fito likita ya ce, "Baba, wannan ba zazzaɓin sauro ba ne. Sunan cutar kala-azar, wasu na ce mata baƙin zazzaɓi. Saifarta ce ta kumbura haka, kuma cutar ta sha mata jini. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke kawo ta, ƙudan yashi. Yana cizon mutum ya bar masa ƙwayar cutar, sai bayan watanni ta tashi."

"Ka gan shi?" in ji Tela.

"Wa?"

"Ƙudan. Ka ga lokacin da ya cije ta?"

Likita ya dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ban gani ba. Amma ga abin da na sani. In aka yi mata allura kullum har adadin ya cika, yawanci ana warkewa. In ba a yi ba, cutar nan kashewa take. In kuma aka fara aka yanke a tsakiya, za ta lafa ta dawo, kuma dawowarta ta fi zuwanta wuya. Maganin kyauta ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ɓata komai. Da likita ya san da wa yake magana da ya haɗiye ta.

Aka ba Gwaggo gado, aka ƙara mata jini, aka fara allura. Allura ce mai zafi, sai ka ga tsohuwa ta cije gefen zane hawaye na bin kuncinta. Kullum da safe Tela na nan, kuma kafin nas ta zuƙi maganin sai ya miƙa hannu an ba shi 'yar kwalbar. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya girgiza, ya duba ranar lalacewa, sannan ya mayar. Tun nas ɗin na jin haushi har ta saba, da ta iso gadon sai ta miƙa masa ba tare da ya tambaya ba.

Da aka ci kusan rabin allurar zazzaɓi ya sauka. Gwaggo ta fara neman abinci, har ta tambayi lafiyar awakinta. Kowa ya yi murna ban da Tela, wanda lissafinsa ya tafi wani wajen. In ta warke, me ya sa ake ci gaba da huda ta? Wane ne ke biyan maganin da ba a karɓar ko sisi a kansa, kuma me yake samu? Ya ga ana zuwa ana auna ta ana rubutawa, ya ce biri ya yi kama da mutum, gwajin magani ake yi da matarsa. Bai yi shawara da kowa ba ya je tasha ya sami wani mai tasi da ya ɗan yarda da shi, suka shirya ya zo washegari da hantsi su ɗauko ta.

Auta ta ji, ta same shi a bakin ɗakin marasa lafiya. "Baba, likita ya ce in aka yanke za ta dawo."

"Likita ya ce. Ƙuda ya ce. Kowa ya ce. Ni idona ya nuna mini matata ta tashi zaune tana cin abinci."

"Don Allah Baba."

"Gobe da hantsi. Ki haɗa mata kayanta."

Auta ta san in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Ta san kuma uwarta, in ya ce tashi mu tafi, tashi za ta yi ko da allurar na jikinta.

A yammacin ranar ne malamar lafiya ta zo gidan. Aikinta ke nan, duk gidan da aka samu mai cutar sai ta je ta ga inda yake kwana, ta tambaya ko akwai wani mai dogon zazzaɓi a kusa. Mace ce gajera mai jakar goyo da takalmin roba. Tela ya sa ta nuna katin aikinta, ya duba hoton ya dubi fuskarta, ya ce hoton ya fi ta ƙiba, sannan ya bar ta ta shiga.

Ta tsaya a ɗakin Gwaggo ta bi bango da kallo. Ya tsattsage tun daga ƙasa har kusa da rufi, wata tsagar yatsa na shiga. Ta leƙa ta taga ta ga awaki a jingine da bangon, ƙasansu da danshi, ga wani tsohon suri a bayan garken.

"Baba, ka san an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To ƙudan nan ma haka. Da rana yana ɓuya a tsagar bango da ramin suri da inda dabbobi ke kwana. Rana na faɗuwa ya fito. Ba ya kuka kamar sauro, kuma bai kai rabin sauro ba. Sai a yaɓe bangon nan, a matsar da awaki, a rushe surin. Za mu turo masu feshi."

Tela ya gyaɗa kai. Wannan bai dame shi ba, laifin bango ne da awaki. Ya ce, "Ko ma mene ne, ba a ɗakin nan ya same ta ba. A cikin wannan take kwana." Ya kama gefen gidan sauron ya baza mata shi yadda yake yi wa masu ciniki.

Malamar ta ɗauki ragar ta ɗora a tafin hannunta. Ta daɗe tana kallo. "Ɗinkin ya yi kyau," in ji ta. "Wa ya yi?"

"Ga shi a gabanki."

Ta saki ragar a hankali ta ce, "Baba, wannan zai tare sauro. Amma ƙudan yashi ta nan zai wuce ko fiffikensa ba zai taɓa zare ba. Kuma ba magani a jikinsa da zai kore shi. Ba a ba ku mai magani ba lokacin rabo?"

Jinin Tela ya hau. Yanzu ya gane. Ashe duk wannan zagaye-zagayen, da ƙudan da ba wanda ya taɓa gani, da allurar kyauta, a nan za a sauka, a kashe masa kasuwa a cusa wa mutane nasu.

"Nawa suke ba ki a kan kowane ɗaya?" ya ce.

Ba ta yi fushi ba, da alama ta saba. Ta buɗe jaka ta fito da wata farar takarda mai maiƙo. "Da wannan muke kama su. A rataya a ɗaki, da safe a duba. In bar maka?"

"Ki bar mini takardar da kika riga kika shafa wa abin da kika shafa?"

"To yi taka. Kowace farar takarda, ka shafa mata mai mai kauri. Amma kada kowa ya kwana a ɗakin nan sai an gyara shi."

Ta tafi. Tela ya koma shago ya zauna a gaban keke, bai taka ba. Maganar ta tsaya masa a rai. Da ta ce masa ɓarawo ne da ya fi sauƙi. Ya dubi kwalbar gwajinsa a kan teburi, ya ce a ransa ai shi ba a yi masa gardama da baki. Zai yi gwajin da kansa, da kayansa, ya tafi da shaidar asibiti ya ajiye wa likita a kan tebur kafin ya ɗauke matarsa. Ya yanki farin kwalin da yake fitar da samfuri da shi gida biyu, ya shafe su da man shafawa mai kauri. Ɗaya ya rataya a bango, ɗaya ya maƙala da allurar ɗinki a cikin gidan sauron, daidai inda kan Gwaggo ke kwanciya. Sai ya tuna ko sauro ba ya zuwa inda ba mutum. In ɗakin ya kwana ba kowa, za su ce shi ya sa. Saboda haka a karon farko tun yana da baƙin gashi ya kulle shago ya bar kekensa shi kaɗai, ya shiga ɗakin matarsa, ya sa sakata, ya cusa bakin ragar ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, ya kwanta a wurinta.

Da gari ya waye ƙaiƙayi ne ya tashe shi. Damatsansa da wuyansa da idon sawunsa duk ƙananan jajayen ƙuraje ne masu zafi. Ya bi ragar da hannu kusurwa zuwa kusurwa yana neman huda, bai samu ba, ɗinkinsa ne, ba inda ya saki. Ba sauro ko ɗaya a ciki. Ya ciro kwalin ya fito tsakar gida inda haske yake, ya sa tabaran da yake zura zare da shi.

Da farko ya ɗauka ƙura ce. Sai ya ga ƙurar tana da ƙafafu. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu launin ƙasa, jikinsu da gashi-gashi, fikafikansu a tsaye, sun maƙale a cikin man. Na kwalin bango sun fi yawa, amma na cikin gidan sauron ma ba su yi kaɗan ba.

Duk da haka bai sallama ba, don hali zanen dutse ne. Ya ce wataƙila ta ƙasa suka bi. Ya ɗauki allura mafi siriri ya tsinci ɗaya a bakinta, ya je ya ja ragar ya miƙar da ita, ya kai ƙwaron ga ido ɗaya. Ya wuce. Ya dawo da shi ya sake turawa ta wani idon. Ya wuce, da sauran wuri a gefe da gefe.

Tela ya zauna a bakin gadon. Ya bi mai kemis, ya bi mai ruwa, ya sa matar mai faci kuka, ya tuhumi likita da nas da wata baiwar Allah mai takalmin roba. An bar jaki ana dukan taiki. Duk tsawon shekarun nan sauro kaɗai yake sawa a kwalba, don sauro kaɗai yake gani, bai taɓa tambayar kansa ko akwai abin da ya fi sauro ƙanƙanta ba. Kuma a cikin duk gidajen sauron da ya ɗinka, wanda ya fi kowane faɗin ƙofa shi ya ɗaura wa Tsohuwa da hannunsa. Ya ji kunya irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

A waje mai tasi ya danna ham.

Ya shiga shago ya durƙusa ya jawo ledar nan ta gidan sauro mai magani daga ƙarƙashin teburi, ya kakkaɓe ta, ya ba matar mai faci da ke shara a ƙofar gida ya ce ta ajiye masa, zai dawo su yi magana. Ta karɓa tana kallonsa kamar ba shi ba. Ya shiga mota. Suka kama hanyar asibiti. Ta taga yana hango gidajen sauro da aka shanya a kan igiya da katanga, yana gane nasa da shuɗin baki da ninkin kusurwa. Ga na gidan mai gawayi, ga na gidan da ke da 'yan biyu. Da can in ya gan su daɗi yake ji.

A ƙofar asibiti mai tasi ya ce, "In shigo in taya ku ɗaukar kaya?"

"Tafi abinka."

"Ba a sallame ta ba?"

"Na ce tafi."

Ya tarar Auta ta ɗaure kaya a zane ta ajiye a ƙarshen gado, idanunta sun kumbura. Gwaggo na zaune ta yafa mayafi, ta sa takalmi, tana jiransa. Ya ce wa Auta ta kwance kayan. Ta dube shi, ta dubi ƙurajen wuyansa, ta fita ta ba su wuri.

Ya zauna a kujerar roba. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya naɗe hannun riga ya nuna mata damtsensa.

"A ɗakinki na kwana, Tsohuwa. A cikin gidan sauronki."

Ta kama hannun ta duba, ta shafa ƙurajen da babban yatsa. "Kai ma sai ka gaya wa likita," in ji ta. "Sun fi cizo a idon sawu."

Ya ɗago kai. "Kin sani?"

"Na san dai wani abu na cizo na."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ka ɗaura shi."

"Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba?"

Gwaggo ta saki hannunsa ta gyara mayafinta. Ba faɗa a muryarta, da ma ita ba ta iya faɗa ba.

"Malam, ranar da ka ɗaura mini shi har waƙa na ji kana yi a tsakar gida, kai da ba ka waƙa. Sai in zo in ce maka me? In ce wani abu da ba na gani, ba na jin kukansa, yana cizo na a cikin gidan da ka ɗinka? Kai ka faɗa mini, da me za ka ce?"

Ya buɗe baki. Amsar tana nan a kan harshensa, a shirye, ita ce dai wadda ya ba mai albishir ranar da aka haifi Auta. Ya rufe bakin. Ita kaɗai ce bai taɓa zargi ba a duniya, ashe ita ma ta san in ta kawo masa magana shaida zai nema, shi ya sa ta yi ta susa a cikin duhu ta bar masa farin cikinsa.

Nas ta iso da tirenta. Ta ga Gwaggo da takalmi a ƙafa, ta ce, "Baba, an ce yau za ka tafi da ita."

"Ba inda za ta sai kun ce ta tafi."

Ya sunkuya ya cire wa matarsa takalman ya jera su a ƙarƙashin gado. Nas ta ɗauko 'yar kwalbar maganin ta miƙa masa kamar kullum. Hannunta ya daɗe a miƙe. Tela bai ciro tabarau ba, ya girgiza kai kawai, ya kama hannun Gwaggo da hannu biyu, ya ce, "Yi mata, 'yata. Amma a hankali, tana jin zafinta."